Matar da ke Kan Azurfar Babana

Babana maƙerin fari ne a Kafur. A lokacin kuɗin wuri muke kaiwa kasuwa. Kuɗin ƙarfe kuwa fatake ke kawo masa daga arewa, ya narka ya yi wa mata mundaye da zobba. Amma in ya ga tsohon kuɗi mai fuska, ba ya iya jefa shi wuta. Sai ya ajiye a wata battar fata. Akwai mai doki, da mai tsuntsu mai kai biyu, da wani sarki mai ƙaton wuya da ya ɗaura ganye a ka. Ni na sa masa suna Sarkin Miya.

Ban san fuskar uwata ba. Ina rarrafe mahara suka kwashe su a gonar auduga, ita da matan unguwarmu. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Duk ayarin da ya sauka sai Baba ya je ya tambaya, ya dawo da tsohon kuɗi maimakon amsa.

Wata rana wani Buzu ya kawo masa 'yar azurfa da ta yi baƙi, ya ce a wani kufai aka tono ta, can bayan hamada. Baba ya goge ta da tsamiya da toka. Sai na ga hannunsa ya tsaya. Mace ce, ta ba da gefen fuska, mai dogon wuya, an tufke mata gashi a ƙeya.

"Zo nan, ɗiyata," ya ce. "Kin ga hancin nan? Kin ga haɓar? Innarki ke nan, wallahi."

Tun daga ranar na sami uwa. Ko a mafarki ta gefe take zo mini, ba ta taɓa juyowa ba. Limamin unguwarmu ya ce siffa ba ta da kyau a gida. Baba ya ce to, ya mai da ita aljihu.

Ina gidan miji a Dayi hayaƙin maƙera ya gama da idonsa. Ya raba kayan aikinsa, ya bar battar. In na zo ganin gida sai in tarar da shi a zaure, azurfar tana hannunsa, yana ta murza ta da babban yatsa kamar mai jan carbi. Shekara da shekaru yana haka.

Ran nan na ce ya ba ni in gaishe ta. Na fita da ita hasken rana, na juya, na sake juyawa. Ba hanci, ba haɓa, ba gashi. Ta yi sumul kamar ƙwallon tsamiya.

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa ya sani. Na ɗaga wa mahaifina murya.

"Baba, ka shafe mini ita! Ita kaɗai gare ni!"

Ina rufe baki na ji kunya ta kama ni. Can ya ce, "Matso."

Ya juya kaina gefe, ya bi goshina da wannan yatsan, ya sauko kan hanci, ya tsaya a haɓa.

"Mi kike wa kuka? Ga ta nan."

Bai ga kakar wannan shekarar ba ya rasu. Battar tana wurina. Sarkin Miya yana nan da wuyansa, ba abin da ya same shi, don ba wanda ya so shi.

Yanzu na tsufa, na girme wa uwata nesa ba kusa ba. In na je ɗiban ruwa nakan leƙa randa, in karkata kai a hankali ko zan hange ta. Amma da na juya gefe, sai ruwan ya fita daga idona.