Telan da Ya Ɗinke Ciyawa

Ka taɓa ganin wanda ya yi wa ciyawa awo kamar zai ɗinka mata riga? Wani tela ne, 'yan layi na ce masa Sai-na-taɓa, don ko gishiri ka ba shi sai ya lasa kafin ya yarda.

Filin bayan gidansa taku goma sha biyu ne a tsaye, takwas a kwance. Da damina taɓo, da rani ƙaiƙayi, shi ya sa 'ya'yansa huɗu suka kwashi ƙwallonsu suka koma bakin titi. Ranar da babur ya gogi autan a gwiwa, ya rantse sai ya maido su gida.

Ya nufi kasuwa, wani mai shago ya warware masa ciyawar roba, kore shar.

"Maigida, shekara goma ba ban-ruwa, ba yanka."

"Abin da bai ci bai sha ba, kuma bai rame ba, ai da lauje cikin naɗi," in ji tela. "Yanko min ƙyalle."

Ya wanke ƙyallen sau uku, bai zuba ba. Ya ja da haƙori, ya karce da almakashi, ya jiƙa ya auna ko zai tsuke. Ko inci. Maimakon hankalinsa ya kwanta, sai zarginsa ya ƙaru. Duk da haka ya saya, amma gam ɗin haɗawa ya ce a riƙe, bai san uban da ya dama shi ba. Ya durƙusa da basilla ya ɗinke gaɓoɓin da hannunsa.

"Baban yara, ka sa mata aljihu mana," matarsa ta ce daga taga.

Da azahar yara suka faɗa filin ba takalmi. Nan take suka fito suna ɗingishi.

"Baba, wuta!"

Ya taka da kansa, ya ɗauke ƙafa ba shiri. Ashe duk gwajin nan a inuwar shago ya yi shi, rana ba ta taɓa ganin ƙyallen ba. Babban yaron har ya rungumi ƙwallo ya nufi ƙofa.

"Dawo nan, ja'iri!"

Ya zazzage buhunan guntayen yadi, ya hau keken ɗinki, ya haɗa rumfa mai launi barkatai, ya ɗaure ta daga katanga zuwa katanga. Ƙwallo bai sake leƙa titi ba.

Kai ma in za ka saya, karɓo ƙyalle, shanya shi a tsakar rana, ka cire takalmi ka hau. Gwada ka gani.