Motar Baban Kallamu

Duk ɗan kasuwar Kano da ya taɓa loda kwantena a Guangzhou ya san Kallamu, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai furfura a gemu da ke tsayawa a bakin sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Huangpu, yana nuna wa masu dako inda kowane kwali zai zauna. Asali sarin kaya ne ya kawo shi, yana sayen riguna a kasuwar Shahe yana kaiwa Kantin Kwari. Da kasuwa ta ƙi, sai ya zauna yana yi wa wasu lodi, har zaman ya zama na shekaru. Ba shi da yawan magana, ba ya zuwa majalisa, kuma mutane kaɗan ne suka san abin da yake yi a ɗakinsa ranar Lahadi.

Mahaifinsa mutumin Nguru ne, direban reluwe, amma ba jirgi yake ja ba. Wata koriyar gingimari yake tuƙawa, mai dogon hanci da bodin katako, mallakar hukumar jirgin ƙasa. Ita ke kwasar kaya daga tashar Kano ta kai wa masu su cikin gari, ta dawo da fatu da buhunan gyaɗa. A cikinta Kallamu ya yi wayo. Tsohon ya rasu, motar ta daɗe da faɗawa hannun 'yan gwangwan, ko hotonta babu wanda ya ajiye.

Wata rana ruwan sama ya tsare shi a wata kasuwar kayan wasa, ya hau bene yana jiran ya ɗauke. Can ya tarar da shagon wani dattijo ɗan China, an shimfiɗa teburi cike da ƙananan jiragen ƙasa suna zagaye, ga tasha, ga gada, ga itatuwa. Ba yara ne suka kewaye teburin ba, manyan mutane ne, wasu har da sanƙo. Shi kuwa Kallamu ba jiragen ne suka ɗauke masa hankali ba. 'Yan motocin da aka faka a bakin tashar yake kallo, tsofaffin motocin reluwe na ƙasashen Turawa, kowace ba ta wuce tsawon yatsa ba. Ya kwatanta wa dattijon irin ta babansa da hannu. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Meyo." Wato babu.

Ya sauko daga benen da 'yar ƙaramar wuƙa da gam da kwalaben fenti.

Aikin ya ci masa ranakun Lahadi da yawa. Da tsinken cin abinci na gora ya fere katakon bodin, da yadin tsohuwar lema ya yi tampol. Ya ɓata hancin motar sau ba adadi kafin ya fito yadda yake tunawa. Har lotsewar da ke gefen hagu ya saka, inda Baba ya taɓa gogar ƙofar tasha saboda ya kauce wa jaki. Daga ƙarshe ya sassaƙa direban da kansa, da hularsa a karkace, gwiwar hannu a kan taga.

Mutum ɗaya ya nuna wa, Issa, mutumin Maraɗi, tafinta mai jin Sinanci kamar a nan aka haife shi. Lokacin da Issa ya sauka a garin bai san kowa ba, a ɗakin Kallamu ya zauna, kuma da zazzaɓi ya kwantar da shi, Kallamu ne ya yi jinyarsa. Tun daga nan duk Juma'a tare suke cin abincin rana bayan masallaci. Issa ya juya motar a tafin hannunsa, ya kira ta da sunan da 'yan Nijar ke kiran babbar mota, ya ce, "Yaya, wannan kamyo ai rai kawai ya rasa." Ya sa Kallamu ya ba shi labarin jakin, ya yi ta dariya, ya ce a maimaita masa.

Shi ne ya kawo shawarar. Ya ce ya san mai wata masana'anta da ke zuba irin waɗannan motoci, zai roƙe shi ya fitar da 'yan ƙwarori kaɗan, Kallamu ya aika wa ƙannensa a gida kowa ya samu tasa. Kallamu ya so ya ƙi. Sai ya tuna ƙanwarsa Saffana, wadda take ƙarama ƙwarai lokacin da motar ta daina aiki. Ya naɗe motar a cikin auduga, ya sa a kwalin shayi, ya miƙa masa.

"Amana ce, Issa."

"Haba Yaya, ni za ka faɗa wa?"

Watanni suka shige. Yau mai masana'anta ya yi tafiya, gobe inji ya lalace, jibi ana hutun sabuwar shekara. Kallamu bai zargi komai ba. Abin da ya lura da shi kawai, Issa ya fara yawan uzuri ranar Juma'a.

Fenti ne ya ƙare wa Kallamu ya koma shagon dattijon. Yana shiga mutumin ya taso da fara'a, ya jawo shi gaban kanta yana nuna masa sabon kaya. Koriyar mota ce mai dogon hanci, a jere cikin kwalaye masu gilashi, sahu bayan sahu. Ga tampol, ga direba da hula a karkace, ga lotsewar gefen hagu a jikin kowace. Kallamu ya dafa kantar. Dattijon, da yake yana zaton murna ce, ya ciro waya ya kunna masa bidiyon tallar. Issa ne zaune cikin babbar riga, yana magana da Sinanci, an rubuta fassarar Turanci a ƙasa. Yana cewa motar mahaifinsa ce, a cikinta ya girma, da hannunsa ya sassaƙa ta don kewar tsohon. Ya ba da labarin jakin ma, ya yi dariya daidai inda Kallamu yake yi.

Kallamu bai kira Issa a waya ba. Ya bari sai Juma'a, ya tare shi a bakin masallaci, suka shiga gidan abincin da suka saba. Aka kawo taliya, babu wanda ya taɓa.

"Na ga babanka a waya," in ji Kallamu. "Ban san direba ne ba. Ni tela ka ce mini."

Issa ya sunkuyar da kai, sannan ya fara zuba. Wai mai masana'antar ne ya ce Turawa masu tara irin wannan kaya labari suke saye, kuma dole mai labarin ya iya Sinanci. Wai dama yana shirin faɗa masa, kuma akwai kason da ya ware masa.

"Ba wannan na tambaye ka ba. Ina motata?"

Sai da Kallamu ya sake tambaya sannan Issa ya amsa.

"Sai da suka ɓalle ta kafin su ɗauki zubinta, Yaya. Haka aikin yake."

"Tun yaushe?"

"Tun makon farko."

Wannan ce ta fi yi masa ciwo. Duk watannin nan da yake tambaya ana ce masa inji ya lalace, motar tana tarwatse. Washegari Issa ya aiko da ita cikin leda ta hannun mai kai saƙo: katakon daban, tayoyin daban, direban an yanke shi daga kujera.

Dattawan Hausawan garin suka ji labari, suka zaunar da su don sulhu. Wasu cikinsu ma sun kasa gane abin faɗa a kan motar wasa. Issa ya ba da haƙuri, ya yi alkawarin za a sauke bidiyon, ba a kuma sauke ba. Kallamu ya ce ya ji, ya ƙi karɓar kason, ya tashi.

Bayan wani lokaci Saffana ta kira shi daga Kano muryarta cike da murna. Ɗanta ne ya nuna mata wani bidiyo. "Yaya, ashe akwai wani a Nijar da babansa ya tuƙa irin motar Baba! Har jakin fa, wallahi. Ka neme shi mana, tunda gari ɗaya kuke."

Kallamu yana tsaye a bakin sito, motar ɗaga kaya tana ƙara a bayansa. Ya matsa gefe ya faɗa mata komai. Da ya gama, ta ce ya aiko mata da ɓaraguzan haka nan yadda suke, kada ya gyara. Ya ba wani mai komawa gida ta filin jirgin Baiyun ya kai mata.

Bai sake sassaƙa komai ba. Har yanzu suna haɗuwa da Issa a masallaci, wani lokaci ma sahu ɗaya. Idan an sallame Issa yakan miƙo hannu ya ce, "Yaya, ina wuni." Kallamu yakan karɓa ya ce, "Lafiya lau," ya nemi takalmansa ya tafi.