Layin Taya

Shekarar da sojoji suka koma bariki ita ce shekarar da na binne maigidana. Gari na ta murnar farar hula, ni kuwa ina zaune a Makera da baƙin ɗankwali, da yara, da tsohuwar a-kori-kura da nake kai ƙwai shaguna da ita, da karaban ɗinsa a ƙofar gida.

Wanda bai san karaban ba, ɗaki ne da ake ɗaura wa mota a baya ta ja shi. Akwai gado mai naɗewa a ciki, da ɗan tebur, da murhu, da tagogi masu labule. Turawan masaƙar Kakuri ne suka zo da su, da za su tafi suka bar wa ma'aikata. Maigidana makanike ne a masaƙar, ya samu ɗaya. 'Yan unguwa suna ce masa tafi-da-gidanka tun kafin wayar hannu ta zo ta ƙwace sunan. Ranar da aka kawo shi na yi masifa har maƙwabta suka leƙo. Na ce mutane na neman fili su yi gini, kai ka kwaso mini akwati! Ko shekara ba a yi ba na fi shi son abin.

Ba shi kaɗai ba ne. Su 'yan kaɗan ne da suka samu, kuma duk Lahadi da yamma suna haɗuwa a gindin mangwaro bayan garejin Baba. Baba tsohon makanike ne ɗan Filato, shi ne babbansu, kowa Baba yake ce masa. Akwai kuma Alhaji, mai sayar da atamfa a Unguwar Mu'azu, dogo, mai son gyara wa mutum magana. Saboda shi ba a fara hira sai ya yi la'asar. Ni ce mai kai musu zoɓo, don haka duk shawarwarinsu a kunnena aka yi su. Kaya mai nauyi a tsakiya, kan taya, ba a baya ba, in ba haka ba ya dinga kaɗa gindi a titi. A duba rufi kafin ruwan farko, a shafe tsaga da kwalta. Kar a bar hatsi a ciki ko da ƙwaya, ɓera zai ci katifa. In za a sauka daga tudu mai tsawo, giya za a rage, kar a danne burki har ya yi wari. A kan maganar giris kaɗai Baba da Alhaji sun kusa daina gaisawa.

Amma abin da ya haɗa su da gaske taya ne. Rim ɗin waɗannan karaban, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, ramukansa ba su dace da na kowace mota a ƙasar nan ba, an zaga kasuwar Panteka an gaji. Na wasu sun tsage, na wasu ɓarayi sun kwance. Aka wayi gari taya biyu kacal ke da lafiya a tsakaninsu duka. Sai suka yi layi. Kowa karabansa na kan bulo a gidansa, in layinka ya zo ka je ka karɓi taya, ka ɗaura, ka yi tafiyarka, ka dawo ka kwance, ka wanke, ka miƙa wa na bayanka. Ba a rubuta ba, ba a taɓa saɓawa ba. Namu yana bin na Baba, na Alhaji yana bin namu.

In layinmu ya zo muke zuwa gida, can wajen Kagoro. Mu tsaya inda muka ga dama, in soya doya a ciki yara na leƙe ta taga, masu wucewa su rage gudu suna kallo. A filin makarantar ƙauyensu maigidana ya koya mini yin baya da shi. Hannu a ƙasan sitiyari, inda kike so gindinsa ya je nan za ki kai hannun. Na kayar da turken ƙwallo, na taka masa takalmi, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Amma na iya.

Bayan an share makoki na ɗauki zoɓona na tafi gindin mangwaro kamar kullum. Aka yi mini gaisuwa, aka sha zoɓo. Na ce to, layin maigida ya kusa, ina so in kai yara gida.

Alhaji ya gyara hula ya ce, “Madam, ki yi haƙuri. Layi na mai karaban ne, mai karaban kuma Allah ya yi masa rasuwa. Ki sayar wa masu gwangwani ki huta. Wannan ba aikin mata ba ne.”

Na ce, “Alhaji, da aka binne shi ka ga an sa layin a akwatin?”

Baba ya ce, “'Yata, a hankali.”

Na ce, “Baba, babu wani a hankali. Wa ke wanke tayar nan in mun dawo? Wa ke riƙe fitila in ana shafa giris? Ni da na san ramukan hanyar Kaciya fiye da tafin hannuna za a ce wa ba aikin mata ba?” Na kwashe kofunana tun wasu ba su shanye ba. Har na kai titi ina jin zafin maganar nan ƙwarai.

Ba a warware ba Baba ya karɓi taya ya tafi Filato ɗaurin auren jikarsa. Yana can sai ga kwamitin tsabtace gari. Sababbin masu mulki sun hau, kowa na so a ga aikinsa. Suka zo da fenti ja suna bin bakin titi, duk rumfa da kwantena suna zana musu alama. Ina dawowa daga kai ƙwai na tarar da wani mai kwat ɗin da ta yi masa yawa yana zana wa karabana, daidai ƙarƙashin tagar da na ɗinka wa labule.

Na ce, “Malam, lafiya? Mota kake shafa wa fenti?”

Ya dubi bulo, ya dubi matakalar siminti da maigida ya yi a bakin ƙofar, ya dubi igiyar shanyata da ke ɗaure a jiki. Ya ce, “Madam, wace mota ce ba taya? Shago ne. Ranar Litinin katafila na zuwa. In mota ce, ki tuƙa ta.”

Na ce, “Zan kuwa tuƙa, kana tsaye.”

A ranar na ji an zana wa na Alhaji ma. Na sauran suna cikin katanga, mu biyu ne a bakin titi. Ɗagawa ba ta yiwuwa, cikinsa katako ne, in aka ja shi ba taya ko aka ɗaga ba daidai ba ɓallewa zai yi. Waya babu a lokacin. Aka ba direban motar Jos saƙo ya kai wa Baba. Asabar shiru. Lahadi aka wuni ana ruwa, na je coci ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba.

Litinin da hantsi Baba ya iso, taɓo har gilashi. Ni da Alhaji muna gareji tun safe, kowa da motarsa, ba mai kallon wani. Aka kwance taya aka jingine su a gindin mangwaro.

Alhaji ya ce, “Baba, nawa yana kan babban titi. Kowa ya san daga can za su fara. A ba ni, in na gama a kawo mata.”

Ni ma na ji wannan maganar a gari, ba zan ce ban ji ba. Na kuma ji masu cewa daga Makera za a fara. Na kuma san in taya ta tafi Unguwar Mu'azu yau, layin maigidana ya tafi ke nan har abada, ko karaban ya tsira. Na taka na je na zauna a kan tayoyin, na gyara zanena.

Na ce, “Baba, bayan kai wa ke bi?”

Baba ya sosa ƙeya. Ya dubi Alhaji, ya dubi ƙasa.

“Baba, tambaya na yi. Shekara da shekaru, in ka dawo gidan wa ake kai taya?”

Ya ce, “Gidanku.”

“To wanda zai ɗauka sai ya ɗaga ni.”

Alhaji ya ce, “Haba Madam! Wannan ai rigima ce.”

Na ce, “Rigima ce. Kai ka ce ba a saɓa layi, ranar da maigida ya roƙe ka kwana biyu uwarsa na asibiti. Ya haƙura ya hau motar haya. Yau ma ba a saɓawa.”

Alhaji ya tsaya yana juya makulli a yatsa, can ya ce wa Baba, “A sa mata a mota.”

Ni da Baba muka ɗaura. Jak ya nutse a taɓo sai da muka sa katako. Noti ɗaya ya ƙi, na hau kan sifana da ƙafa ina zaginsa har ya saki. Matan unguwarmu suka fito suka fasa matakalar da taɓarya, suka kwance igiyar shanya. Muna cire bulo na ƙarshe na jiyo rugugin katafila daga bakin kasuwa, ashe ta iso. Titin gaba ya toshe da masu kwashe rumfuna, dole sai da baya zan fita, ta lungun da ke tsakanin kwata da katangar maƙwabci. Baba ya ce in ba shi makulli. Na ce, “Baba, matsa.” Na sa hannu a ƙasan sitiyari. Karaban ya bi lungun nan sumul, ko katanga bai shafa ba. Mai kwat yana tsaye da gwangwanin fentinsa. Na leƙo na ce, “Malam, ga shago na tafiya!” Mata suka sa guɗa, ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, na bar su.

Babu ƙofar gidan da zai shiga a Makera, sai filin Baba mai shinge a Mahuta. Da nisa, ga hanya ta lalace da ruwa, ga ba a gudu da karaban. Muna isa ban ko sha ruwa ba. Muka ɗora shi kan duwatsu, muka kwance taya, na jefa su a bayan a-kori-kura. Ban taɓa gudu irin na ranar ba, Baba na riƙe da ƙofa yana kiran sunan Yesu. Ni da na zauna kan tayar nan da safe, yanzu ba abin da nake so kamar in sauke su a ƙofar Alhaji.

Ashe katafila biyu suka fito da su.

Mun tarar da Alhaji zaune a kan bulo ɗaya, sauran bulon na nan a jere inda suke. Karaban kuwa an tattara shi gefe, farin kwano a lanƙwashe, katifa a cikin kwata, labulen da matarsa ta ɗinka yana maƙale a jikin wani ƙarfe. Nasa ya fi na kowa tsabta, duk Juma'a yake wanke shi. Na sauko na tsaya.

Ya dubi tayoyin a bayan mota ya ce, “Kin fita da shi?”

Na ce, “Na fita da shi.”

“Da baya, ta lungun nan naku?”

“Ta nan.”

Ya gyaɗa kai. Ya shiga gida ya fito da gwangwanin giris ɗinsa, wanda suka yi shekaru suna faɗa da Baba a kai, ya ajiye a bayan motata. Ya ce, “Ki daina sa na Baba, ruwa ne.”

Ban ba shi haƙuri ba. Har yau in aka ce in ba da haƙuri ba zan bayar ba, layinmu ne, kuma da na tashi daga kan tayar nan da nawa ne a cikin kwata. Amma na yi kwanaki abinci ba ya mini daɗi.

Na kai yara gida a layinmu, ni a sitiyari. Da muka dawo, Lahadi a gindin mangwaro wani ya ce tunda Alhaji ba shi da karaban, sai taya ta tsallake zuwa na gaba. Alhaji da kansa ya ce haka ne. Na ajiye butar zoɓo da ƙarfi har ya fantsama.

Na ce, “Kun fara ko? Wanda ya mutu ma layinsa bai mutu ba, sai mai rai?”

Washegari ban kwance taya ba. Na wanke karaban ciki da waje, na goge jan fentin da kananzir iya ƙarfina, na ja shi har Unguwar Mu'azu na tsaya a ƙofar Alhaji, daidai inda bulonsa suke. Ya fito yana cewa Madam mene ne haka, ba zai karɓa ba, mutane za su yi magana. Na ce su yi. Na cire makullin ƙofar daga bakin zanena na ɗora a kan bulo.

Na ce, “Layinka ne. Kaya mai nauyi a tsakiya. Kuma ka dawo mini da shi a wanke.”

Na kwance motata na tafi, ban waiwaya ba sai a madubi. Yana tsaye ya dafa jikin karaban da hannu ɗaya, daidai inda fentin bai gama fita ba.