Ranar da surukata ta fito ta bayan ƴar ja

Yanzu na kai shekarun da nake neman hulata alhali tana bisa kaina, amma ranar da na kulle surukata cikin mota tsakanin Barmu da Tawa, wannan kam ba za ta taɓa fita raina ba.

Ni ban yi lakkol ba, wato makarantar boko, sai ɗan abin da na tsinta a yawon cin rani, inda na koyi tuƙi. Da furfura ta cika mini gemu, sa'o'ina suna ta sayen carbi mai tsada, ni kuwa sai raina ya biya ga ƙaramar mota mai gudu. Aljihuna bai kai sabuwa ba, don haka na nufi wajen wani dillali da ke kawo na hannu daga Kwatano. Ya nuna mini wata fara mai ƙofa huɗu, natsattsiya kamar matar liman. Ban ko kalle ta sau biyu ba. Idona yana kan wata ƴar ja, gajera, mai ƙofa biyu da wata babba a baya da ake ɗagawa sama. Da ya tashe ta, sai da awakin unguwar suka watse.

"Baba, wannan ta samari ce fa," in ji dillalin. "Kuma kujerar direba ba ta kwanciya. Mai shiga baya sai ta ɗaya gefen."

Na ce, "To wa ya ce maka ni tsoho ne? Ba ni makulli."

Ya yarda in gwada ta kwana biyu. Dama matata ta dame ni cewa gobe sunan jikarmu, kuma har yanzu ba a samu wanda zai ɗauko Inna, wato surukata, daga Barmu ba. Na ce yau ga mai ɗaukowa. Gaskiyar magana, so nake mutanen Barmu su gan ni.

A nan ne ya kamata in yi tunani. Tun da na auri ɗiyarta, ni da Inna ba mu taɓa magana kai tsaye ba. Haka muka taso a Adar: suruki ba ya haɗa ido da surukarsa, ba ya zama kusa da ita, balle ya taɓa hannunta. In da saƙo, sai a bi ta bakin wani. Da ta fito ta ga motar, ta juya ga maƙwabciyarta ta ce, "Ki gaya masa ba ni zama gaba." Na kwantar da kujera, matan gidan suka tura ta baya da kyar, na mayar da kujerar na ji ta ce ƙaras. Na ɗora buhun zogalenta a kai, muka kama hanya.

Bazara ce, rana kamar za ta narkar da ƙarfe. Na kunna kilim, na'urar sanyaya mota, ina taka ta, ina jin kaina ɗan shekara ashirin. Sai ga wata busasshiyar ƙorama cike da rairayi. Motocin kasuwa suna ratsa ta kullum, amma su dogaye ne. Ƴar ja ta shiga da ƙarfinta, cikinta ya zauna bisa yashi, ta yi tari, ta mutu. Kilim ma ya bi ta.

Na zaga na ja ƙarfen kujerar don Inna ta fito. Ƙarfen ya biyo hannuna. Na tsaya riƙe da shi kamar wanda aka ba tsaraba. Kujerar direba dama an gaya mini ba ta motsi, gilasan baya ba a buɗe su, waya ba rezo balle in kira wani, ba kowa a dajin. Tsohuwar da gwiwa ke damu kuwa ba za ta iya haurowa ta tsakanin kujeru ba.

Motar ta fara zama tanderu. Ta gefen ido na ga gumi yana zuba daga fuskarta, numfashinta yana fita sama-sama. Na ce shi ke nan, gobe maimakon suna zaman makoki za a yi, kuma har in mutu sunana wanda ya dafa surukarsa a motar aro.

Sai na ji muryarta, ta dubi buhun zogale ta ce, "A gaya wa mai motar ga, in kashe ni za shi yi, shi bari sai bayan suna."

Ni ma na dubi buhun na ce, "A gaya wa Inna ta yi haƙuri, ana neman dabara."

"A ce da shi akwatin nan ba shi da gindi ne?"

Wallahi sai a lokacin na tuna da ƙofar baya. Na ruga na ɗaga ta, na cire allon da ke rufe wurin kaya, na kwantar da rabin jinginar baya. Hanya ta samu, amma sai an jawo ta, ni kuma ba ni da ikon kama hannunta. Na kwance rawanina na jefa mata baki guda, na juya fuskata gabas, na ja a hankali. Haka Inna ta fito da rarrafe, tana salati tana yi wa mai ƙera motar addu'ar da ba zan maimaita ba. Da na ji ƙafarta ta taɓa ƙasa, sai na saki rawanin. Na ba ta ruwa ta zauna ƙarƙashin aduwa, ni na zauna a rana nesa da ita, ina ta hamdala kai ba rawani.

Can sai ga wani makiyayi bisa raƙumi. Ya yi dariya har ya gaji, sannan ya ɗaura igiya. Motar da na ɗauko saboda gudu, raƙumi ne ya fisge ta daga yashi yana tuƙa abinsa. Da injin ya huce ta tashi. Inna ta ƙi gaba har yanzu, ta bayan ta sake shiga. Na rinƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, sai na ji an ce daga baya, "A gaya mishi ɗazu ta fi haka daɗi. Shi taka."

Bayan suna na mayar da ƴar ja. Dillalin ya ga ƙarfen kujera a hannuna, ya kai ni wajen wata irinta, gudun nan dai da ƙarar nan, amma ƙofa huɗu kuma ta ɗan fi tashi daga ƙasa. Kafin in ko tashe ta, sai da na shiga baya na fita ta kowace ƙofa, na sauke kowane gilashi. Ita ce har yau nake ja.

Abin da na koya shi ne, in za ka zaɓi mota, kada ka tsaya a kujerar direba. Zauna inda mutanenka za su zauna, ka ga ko za su iya fita ba sai ka kwance rawani ba.