Direban da Kwamfuta Ta Yi wa Ritaya

Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi. Bayan soja sun koma bariki, ma'aikatarmu a Katsina ta sayo kwamfutoci, aka ce ni zan zuba bayanan ma'aikata tunda ni na yi kwas. Ita kwamfuta ba ta ajiye kwanan wata yadda muke rubutawa. Daƙiƙoƙi take ƙirgawa tun daga ɗaya ga Janairun 1970, sai ka rubuta mata 'yan layukan umarni ta mayar da doguwar lambar nan rana da wata da shekara. Na rubuta, na gwada da fayil ɗina, ya fito daidai, na tafi gida ina hura hanci.

Ashe duk fayil ɗin da ba a rubuta ranar ɗaukar aiki ba, sifili take sa masa. Sifili kuwa shi ne 1970.

Muna da wani direba mutumin Ƙofar Kwaya, mai 'ya'ya bakwai. Wani babba ne ya ɗauke shi aiki da baki lokacin soja, akawu bai taɓa cike gurbin ranar ba. Da shekara talatin da biyar ta aiki ta cika a lissafin kwamfuta, sai ga sunansa cikin masu ritaya. Mutumin da bai wuce arba'in ba! Wato yana ɗan shekara biyar ya fara tuƙi?

Na suri takardar sunayen na faɗa ofishin darakta.

"Ranka ya daɗe, kuskurena ne. Yanzu zan gyara."

"Malam, an riga an sa hannu a sama," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "So kake in koma in ce injin da muka yi wa bikin buɗewa ƙarya yake yi?"

"Ba injin ba ne, ni ne!"

"To ja bakinka, ka rufa wa kanka asiri."

Wallahi kamar in kifa masa teburin. Amma na ja bakin nawa, don ina tsoron kujerata. Na ji haushin darakta, na fi jin haushin kaina.

Ranar da direban ya kawo makullin mota, ya tsaya a kaina. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam, kai ke jin yaren abin nan. Don Allah roƙe shi ya sake dubawa."

Na daddanna madannai na banza, na ce, "Ya ƙi."

"To, Allah Ya saka da alheri," in ji shi. "Kai dai ka yi iya ƙoƙarinka."