Ranar da Rabi Ta Ce Ba Ta San Mahaifiyarta Ba

Har yau ban manta da ranar wani taron iyaye da malamai ba. Lokacin ina malamar ba da shawara a wata sakandaren gwamnati kusa da unguwar Mokola a ƙasar Yarbawa, wato ni ake turo wa ɗalibin da halinsa ya sauya ko karatunsa ya ja baya. Ni kaɗai ce 'yar Sabo, unguwar Hausawa, a cikin malaman.

Rabi tana aji uku na ƙaramar sakandare. A Sabo aka haife ta, haka ma babanta, kuma Yarbanci ya zauna a bakinta. Amma 'yan ajinsu ba sa kiranta sai "Mola", sunan raini da ake kiran Bahaushe da shi, suna toshe hanci wai warin albasa take, suna tambayarta yaushe za su koma garinsu. Yarinyar da ke riga kowa ɗaga hannu ta koma kujerar baya. Ta daina yin Hausa ko da ni, ta rame.

Ranar taron, mahaifiyarta Hajiya Ladi ta shigo tana murmushi, tana yi mata hannu. Wata ɗaliba ta tambayi Rabi da Yarbanci, "Mamarki ce?" Rabi ta ce a'a, ta juya baya. Uwar ta ji. Ta tsaya cak, ta sauke hannunta.

Na nufi ofishin mataimakiyar shugaban makaranta, Madam Bolanle, na kwashe komai na faɗa mata.

Ta ce, "Kar ki yi wa yarinyar faɗa, Malama. Mu muka yi sake har aka kai ta nan. Yaya kuke gaida babba da Hausa?"

Na koya mata a tsaye. Ta fito, a gaban ɗalibai da iyaye, ta durƙusa har ƙasa irin gaisuwarsu, ta ce, "Ina wuni, Hajiya." Ta kama hannunta ta zaunar da ita a layin gaba. Washegari a asembili ta haramta wancan suna.

Rabi ba ta warware nan take ba, mun yi ta zama da ita har ƙarshen zango. Amma ranar da aka tashi taro ita ta raka mahaifiyarta gida, tana tafe tana kuka.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku lura da yaron da ya yi shiru. Wanda ake kushe asalinsa kullum, kunyar gidansu yake fara ji. Madam ta yi ritaya tuntuni, amma ba na sallah ban roƙa mata lafiya ba.