Taron Gwanayen da Ya Kyari Bai Ga Ƙarshensa Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Ya Kyari, kuma bana ce karon farko da na zauna zan tuna shi a wannan shafi ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir. Albishir ɗin ma an yi mini. Amma bari in fara gaya muku ko wane ne shi, kada ku ce Yagana ta zauce a kan kiɗa da tsufanta.

Ya Kyari ma'aikacin safiyo ne, aikinsa awon filaye. A gidanmu na Gomari kuwa an fi saninsa da kaset-kaset ɗin da ya dawo da su daga makaranta, na wani kiɗan Turawa da ake kira rok firogiresif, da ɗan'uwansa metal. Waƙa ɗaya sai in gama wanke-wanke ba ta ƙare ba. Ta fara a hankali kamar ana lallashin jariri, can sai ganguna su ɓarke, jita ta kama kururuwa, kafin ka kama amon sun sauya wani.

Abin da ya fi burge shi ma labarin masu kiɗan ne. Ya ce a can sai ka ga mai gangar wannan ƙungiya, da mai jitar waccan, da mawaƙin wata daban, kowannensu ya yi suna a inda yake, su haɗu su kafa sabuwa. Shi yana ce mata taron gwanaye. Ya ce yawancinsu ba sa daɗewa, saboda kowa ya saba shi ake bi, amma ɗan abin da suke bari kafin su watse, babu ɗayansu da zai iya yinsa shi kaɗai. In ya kama wannan zance, har abincinsa ya huce bai sani ba.

Rannan ya dawo daga wani biki a unguwar Jiddari Polo, ko takalmi bai cire ba ya ce shi ma zai haɗa nasa taron gwanaye, har ya samo na farko. Wani mai algaita ne, Baba Grema, da ya ji yana busa a wurin bikin. Wanda ya san algaita ya san mai busa ta yana cika kumatu da iska, yana shaƙar wata ta hanci, don haka sautin ba ya yankewa. Ya Kyari ya ce masu jitar metal har na'ura suke saye don sauti ɗaya ya daɗe bai mutu ba, ga wani bawan Allah a garinmu yana yi da kumatunsa. Na biyun kuwa Ishaku ne, abokin aikinsa ɗan wajen Biu, mai kaɗa jita a cocinsu, wanda ke da 'yar na'urar da ke sa jita gurnani. Shi Ya Kyari ko tafi bai iya yi a kan amo ba. Nasa aikin haɗawa ne.

Suka fara zama ranar Asabar bayan la'asar, a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidanmu, ni ina kai musu shayi. Ban taɓa ganin mutane masu girmama juna suna ɓata wa juna rai irin haka ba. Baba Grema in ya ɗora algaita a baki ba ya saukewa, Ishaku na riƙe da jita yana jiran 'yar ƙofar da zai shiga, babu. In ya kutsa da ƙarfi kuma, muryar jitar ba ta hawa ta algaitar, sai ka ji kamar ana jan kwano a kan siminti. Baba Grema ya ce shi gaban manya ya saba busa, kuma algaita ba ta jiran kowa. Ishaku ya naɗe wayoyinsa ya tafi gida.

Lokacin ba a hana hawa babur a gari ba, Ya Kyari ya yi ta zirga-zirga tsakaninsu kamar mai neman aure. Daga ƙarshe ya shawo kan Ishaku ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa har suka sauko daidai muryar algaitar. Kuma wata Asabar abin ya kama. Algaita ta miƙe tana tafiya a sama, jita na gurnani a ƙarƙashinta, sai ta hau ta riske ta, su yi gudu tare, su rabu. Maƙwabta suka cika zaure. Ya Kyari na tsaye hannu biyu a ka, bakinsa buɗe. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, jita ta yi shiru. Baba Grema ya sauke algaita ya dubi Ishaku ya ce, "Yaron nan ka fara jin magana."

Babu wanda ya naɗa a kaset. Sun sake zama bayan nan, bai kama kamar na rannan ba. Sai gari ya shiga shekarun da duk muka sani, taro ya zama abin tsoro, Ishaku ya kwashe iyalinsa ya bar Borno. Shi kuma Ya Kyari ciwon ƙoda ya kwantar da shi, har Allah ya karɓi abinsa.

To ga albishir. A farkon bana Ishaku ya yi ritaya ya dawo, ya zo Gomari gaishe mu, kansa duk furfura. Ni na matsa masa muka hau keke mai ƙafa uku muka je wurin Baba Grema. Tsohon ya yi ta yi mana gaisuwar wushe-wushe har muka gaji, amma da aka zo maganar algaita ya ce numfashi ya ragu, ya daina zuwa biki, kada mu ba shi kunya. Na ji zuciyata ta karye, don na san in bai busa a bana ba, watakila shi ke nan. Ishaku bai roƙe shi ba. Ya ciro jita ya taɓa ta, ashe duk shekarun nan bai mayar da tsirkiyoyin yadda suke ba. Tsohon ya saurara, sannan ya ce a miƙo masa algaitar.

Yanzu ba ya iya riƙe sauti kamar da. Yana busa kaɗan, ya tsaya ya huta. A duk inda ya tsaya, nan jita ke shiga. Ishaku ya naɗa a waya ya sa a intanet, bayan 'yan makonni mutum biyu suka nemo shi: wani mai ganga a wata ƙungiyar metal a Kudancin Amurka, da wata mai jitar bes, wato mai kaurin murya, a wata ƙungiya daban a Turai. Su ma ba su taɓa ganin juna ba. Suka nemi izini, kowa ya ɗora nasa daga inda yake, suka maido. Jama'a, algaitar Jiddari Polo ce a gaba, ganguna na binta kamar ruwan sama a kan kwano.

Da Ya Kyari na raye, na san sai ya zaga unguwa da wayar nan har ya ishi mutane. Na kuma san bayan murnar zai yi ƙorafi, ya ce wane irin taro ne wannan, mutane ba su ci abinci a kwano ɗaya ba, ba su ko yi faɗa ba. To ko nan ma da ya samu biyan bukata. Baba Grema da ya saurara, ya cire abin kunne ya ce, "Ku gaya wa mai gangar nan ya rage gudu. Ni ne babba." Aka aika. Mutumin ya yi ta gyarawa yana maidowa, har tsohon ya gyaɗa kai.

Yayana bai bar waƙa ko ɗaya da sunansa ba, kuma babu sunansa a kan wannan ma. Abin da ya bari shi ne mutum biyu da ba don shi ba, da ko gaisawa ba za su taɓa yi ba, ga su yanzu sun jawo wasu biyu daga bayan teku. Makon jiya na ɗauki kiɗan na kai wa matar yayan nawa, Hajja Falmata, wadda a da in ya kunna kaset sai ta ɗauki mayafi ta shiga maƙwabta. Ta saurara daga farko har ƙarshe ba ta motsa ba. Da ya ƙare ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ashe wannan yake ji tun tuni, mu muna jin hayaniya. Tura mini a wayata."

Allah ya haskaka makwancinka, Ya Kyari. An naɗa wannan karon.